Yadda Garin Kafso Ya Kusa Cinye Mini Ƙafa

Da ƙafafuna biyu nake zaune ina wannan rubutu, alhamdulillahi. Na fara da faɗin haka ne saboda an yi wani lokaci a gidanmu da babu mai tabbacin za su ci gaba da zama biyun. Umma ce ta ce in rubuta abin da ya faru don wasu su kiyaye. Ta kuma ja mini kunne kada in ƙara gishiri. Na yi mata alkawarin zan rage, amma ban ce zan daina ba.

Abba ake ce mini, a Gyaɗi-Gyaɗi muke, ina babbar sakandare. Sunan kakana na wajen uba aka sa mini, shi ya sa matarsa, Hajiya Kaka, ba ta iya kama sunana. Maigida take kira na, ni kuma in ce mata Amarya, duk da haƙoran da suka rage mata ba su isa cin tsire ba. Ɗakinta yana kallon namu, kuma shi ne asibitin farko na gidan da ma rabin layinmu.

Abin ya faro ne a wani fili a Tarauni inda muke buga ƙwallo da yamma. Wani mai tsaron baya mai ƙafa kamar taɓarya ya share ni, na zube a kan tsakuwa, ƙwaurina na dama ya kurje. Kurjewar ba ta kai faɗin murfin kwalba ba. Na tofa mata yawu na ci gaba da wasa, har na ci ƙwallo biyu. Abokaina za su ce ɗaya ce, kuma wai buguna ta yi a gwiwa ta shiga. Hassada ce kawai.

Ina shiga gida ina ɗan ɗingishi, Hajiya Kaka ta hango ni.

"Zo nan, Maigida. Wa ya taɓa mini kai?"

"Babu kowa, Amarya. Ƙasa ce muka gaisa da ita."

"Ja'iri. Miƙo ƙafar."

Ta jawo gwangwaninta daga ƙarƙashin gado. A gidanmu ba a zubar da magani. Duk wanda aka rubuta wa kafso, ya sha na kwana biyu ya ji dama-dama, sauran sai a kai wannan gwangwani. Akwai ja da rawaya, akwai ja da baƙi, akwai waɗanda launinsu ya koɗe har su kansu sun manta ko su wane ne. Ta zaɓi ja da rawaya, ta murɗe shi ya rabu biyu, ta ƙwanƙwasa garin a kan ciwon, ta ɗaure da ƙyallen atamfa daga shagon Baba, wanda tela ne. Haka ta yi wa Baba lokacin da allurar keken ɗinki ta huda masa yatsa. Haka take yi wa duk yaron da aka kawo mata. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

A makon farko kamar abin ya yi. Garin ya bushe ya yi ɓawo mai launin ƙwaiduwa, kullum kuma tana ƙara wani a kai. Sai dai a ƙarƙashin ɓawon akwai wani makaɗi da ya kama haya. Zugi yake yi, dum, dum, dum, kamar ana biki a cikin ƙafata ba a gayyace ni ba.

A mako na biyu ƙwaurin ya kumbura ya yi sheƙi, har sai da na daina iya sa wandon makaranta. Baba ya aike ni wajen mai kemis ɗin bakin titi. Ya leƙa ƙafar daga bayan kanta ya ce, "Wannan ai sai ja da baƙi." Ya yanko mini rabin fallen maganin, daidai kuɗin da ke hannuna. Na sha, babu abin da ya canja sai cikina da ya lalace. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi, zazzaɓi ya biyo baya. Sannan wari. Ƙanwata ta riƙa shiga ɗakinmu da mayafi a hanci kamar mai wucewa ta mahauta.

Daga nan masu shawara suka fara sallama. Ban taɓa sanin danginmu duk likitoci ba ne sai lokacin. Gwaggota ta Unguwar Gano ta ce wani abu na taka, a nemo hayaƙi. Wani abokin Baba bakanike ya rantse man birki ne maganinsa. Maƙwabciyarmu ta ce toka da man goge baki. Da na bi ta tasu duka, da yanzu ƙafata ta zama mota mai tsabtar haƙori.

Umma tun farko asibiti take so, amma Hajiya Kaka ta ce a ƙara haƙuri, ciwo ba ya son gaggawa. Umma kuwa ba za ta ɗaga ido ta musa wa surukarta ba, Baba ma ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Sai ranar da na tashi yin sallar azahar ƙafar ta ƙi ɗauka ta, na faɗi a kan tabarma. Baba ya ɗage ƙyallen ya ga wani jan layi yana hawa wajen gwiwa. Bai shiga ɗakin kowa neman izini ba. Ya fita ya taro adaidaita sahu.

Layin babban asibiti, in ka shiga kana yaro, kana iya fitowa da gemu. Layin kati daban, layin awon zafi daban, layin ganin likita kuma yana lanƙwasa kamar hanji. Na zauna kusa da wani tsoho da ya ce tun yana da ciwon ido ya zo, yanzu ga shi ciwon baya ya samu a kan benci. Amma a gaskiya da aka ga ƙafar sai aka tsallakar da mu wasu mutane, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Warin ne ya nema mini alfarma.

Likitar wata matashiya ce mai gilashi. Ta ɓanɓare ɓawon nan a hankali, sai ga mugunya ta yi tsartuwa. Ni dai na ce ta cika bokiti, Umma ta ce cokali uku ne. Ta ɗan tsaga wurin ta matse sauran, ni kuma na kira sunayen duk waliyyan da na sani har da waɗanda ban sani ba. Ta dangwali ciwon da wani tsinke mai auduga a kai ta ce a kai ɗakin gwaji, ta kuma tura mu hoton ƙashi.

Sannan ta juya wajen Baba, ta daina murmushi.

"Malam, ƙwauri ba shi da nama. Daga fata sai ƙashi. In ƙwayar cutar nan ta shiga ƙashin, to sai kwanciya da tiyata a kankare shi. Akwai waɗanda duk da haka sai an cire ƙafar."

Baba ya cire hularsa, ya kalli cikinta, ya mayar. Ni kuwa a karon farko a rayuwata na nemi abin barkwanci na rasa.

Da muka koma karɓar sakamako, hoton ya nuna ƙashin lafiya lau tukuna. Amma gwajin ya zo da labari. Likita ta ce sun raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, suka riƙa gwada mata magunguna. Ja da rawaya, ko gezau. Ja da baƙi, ko a jikinta. Kalmar da ta faɗa wadda ta zauna mini a kai ita ce "rizistan", wato ƙwayar ta bijire, ba ta jin maganin. Ta ce kamar ɓera ne da ake sa wa guba kaɗan-kaɗan, wadda ba ta isa kashe shi ba. Wata rana sai ka ga jikokinsa suna cin ta kamar ƙuli-ƙuli. Shan rabin magani a bari, da barbaɗa shi a inda ba a ce ba, duk makaranta ce ake buɗe wa ƙwayar cuta. Tun daga ranar ƙanwata ta sa mini suna Rizistan, wai ni ma ba na jin magana.

Ta rubuta wata ƙwaya da gwajin ya nuna tana aiki har yanzu, ta ce in shanye ta tas ko na ji na warke. Sai kuma wani man shafawa a ɗan mazubi irin na man goge baki, wanda bai kai tsawon yatsana ba, amma tsadarsa ta sa Baba ya sake cire hula.

"Likita, yanzu duk wannan ciwon, mai za a shafa?"

"Shi ne babban mayaƙin, Malam. An haɗa shi ne don fata. Yana narkewa ya ratsa har inda ƙwayar take, da ƙarfin da ya dace, ba sai ya zaga ta ciki ba. Garin kafso kuwa don ciki aka yi shi. A kan ciwo dunƙulewa yake yi, ya rufe mugunya a ciki kamar an kifa mata murfi. In muka ga ciwon ba ya ja da baya, gado za mu ba yaron."

A ɗakin wankin ciwo muka haɗu da Sista Ngozi, nas ce haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi tawa karin magana. Ita ta koya wa Umma aikin. A wanke hannu da sabulu, a wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, a shafa man siriri da auduga mai tsabta ba da yatsa ba, a rufe da sabon bandeji, safe da yamma. Ta ce a ware mini tawul da soso da sabuluna, kada kowa ya taɓa. A nan kaɗai na ci riba, domin tun da aka haife ni ban taɓa mallakar sabulu ni kaɗai ba.

Hajiya Kaka ta karɓi man ta jujjuya shi, ta shinshina, ta taɓe baki.

"Wannan ai man kitso ne. Da shi za a warkar mini da miji?"

Kwanakin farko zazzaɓin ya sauka, kumburin ya fara saɓewa. Sai kuma abin ya tsaya cak. Bakin ciwon ya sake yin ruwa.

Ga abin da ke faruwa. Umma tana wankewa da safe ta shafa mai, ta tafi islamiyya. Bayan azahar barci yakan kwashe ni, kuma ni in na yi barci ko jirgi ya sauka a tsakar gida ban sani ba. Sai Hajiya Kaka ta lallaɓo, ta ɗaga bandejin, ta barbaɗa garinta, ta mayar. Da yamma Umma ta buɗe ta ga rawaya, ta wanke shiru, ta shafa mai. Ta faɗa wa Baba a ɗaki. Baba ya je ƙofar mahaifiyarsa, ya tsuguna, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta da bayanta, ya tashi ya fito bai faɗi komai ba. Ƙwaurina ya zama fagen yaƙi, ana gwabzawa kullum, amma kowa na gaishe da kowa cikin ladabi.

Ni ban sani ba sai ranar da muka koma wanki. Sista Ngozi ta buɗe, ta matso da fitila, ta tsinto wani ɗan gari daga gefen ciwon.

"Maman Abba, wa yake yi mana girki a kan ciwon nan?"

Umma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Ni kuwa ina ganin launin na gane.

"Sista, amaryata ce."

"Kai da wannan ƙafar har amarya gare ka?"

"Kakata. Ta fi ki shekaru sau uku, ta fi ki taurin kai sau goma."

Ta yi dariya, amma da ta kira likita ta duba, dariyar ta ƙare. Ciwon ya ƙara zurfi. Likita ta ce zuwa na gaba ne dama ta ƙarshe. In bai juya ba, gado da allurai, a kuma sake duba ƙashin. Sista Ngozi ta raka mu bakin ƙofa ta ce, "Ku kawo mini tsohuwar nan. Ba faɗa zan yi mata ba."

A hanya Umma hawaye kawai take sharewa. A nan na gane cewa duk gidan mutum ɗaya ne yake da lasisin faɗa wa Hajiya Kaka magana a fuska, kuma ni ne. Ɗa yana jin nauyi, suruka tana jin kunya, jika kuwa ba ruwansa.

Na same ta tana jan carbi. Na zauna na ɗora ƙafar a kan cinyarta.

"Amarya, ki fara motsa jiki."

"Na me kuma?"

"In aka yanke ƙafar nan ke za ki riƙa goya ni zuwa masallaci. Sau biyar a rana. Kuma na yi nauyi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Wa zai yanke?"

"Likita ta ce garinki ne yake rufe ƙwayar a ciki tana haƙa wajen ƙashi."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Da garin nan na raini ubanka," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ina ganin sun ba ka ɗan man nan, na ce ba zai isa ba. Na ce in taimaka masa."

"To zo ki faɗa musu da bakinki. Ko tsoron allura kike?"

"Ni? Na haifi takwas a ɗakin nan, allura ce za ta ba ni tsoro? Ɗauko mini mayafina."

Washegari ta bi mu. Sista Ngozi ta rusuna ta gaishe ta, ta ba ta kujera, sannan ta buɗe ciwon ta wanke a gabanta ba tare da ta ɓoye komai ba. Hajiya Kaka ba ta taɓa ganinsa a wanke ba, kullum ta saman gari take kallo. Ta leƙa ramin ta ce, "Innalillahi."

"Mama," in ji Sista, "zamanin da kika fara, wataƙila ƙwayoyin ba su yi wayo ba. Na yanzu sun ci garin nan sun ƙoshi. Ni abin da nake nema mai jinya ce wadda ba ta mantuwa kuma yaron nan ba ya iya yi mata wayo. Na ji an ce ke ce."

Ta ɗora mata man a tafin hannu.

Hajiya Kaka ta kalle shi ta ce, "Nawa ake sawa?"

"Kamar ƙwayar wake."

"Wake fari ko ja? Don ba girmansu ɗaya ba."

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na roƙi a ba ni gadon. Tsohuwar nan ta zama soja. Ta juye gwangwanin gaba ɗaya a leda ta ba Baba ya kai wa masu magani na asibiti su san yadda za su yi da shi. Tana wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala sau biyu. Umma na wanke ciwon, ita tana shafa man, kuma a lokacin ne na fara jin su biyun suna hira har da dariya, yawanci a kaina. Man kuwa a ƙugunta yake kwana, a ɗaure a bakin zani. Maƙwabciyarmu ta zo roƙon a ɗan lakata wa ɗanta a ƙurji, Hajiya Kaka ta ce, "Na mutum ɗaya ne. Kai shi a gwada nasa ƙwaron." Ƙwayar sha ma sai ta sa na buɗe baki na ɗaga harshe ta tabbatar ta wuce.

A zuwa na gaba likita ta duba ta gyaɗa kai, ba ta yi maganar gado ba. Ruwan ya ƙafe, warin ya tafi, ƙanwata ta ajiye mayafin hanci. Cikin ramin ya yi ja kamar kankana, Sista ta ce sabon nama ne. Daga nan sai ƙaiƙayi, irin wanda zai sa ka so ka ciji ƙafarka. Duk lokacin da hannuna ya nufi wurin sai in ji mafici a ƙeyata.

Ina da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Na rasa makonni na makaranta, lissafi ya tafi ya bar ni a tasha. Ƙungiyarmu ta sa wani a gurbina, kuma abin haushi sun fi cin wasa. Man ya ƙare an sake saye, Baba ya yi ta karɓar ɗinkin da a da yake mayarwa. Benci na asibiti ya san ni na san shi. Amma ina godiya ga Allah, da likitar nan, da Sista Ngozi, da Umma wadda ta yi ta wanke abin da ni kaina ba na iya kallo.

Don haka duk mai gwangwani irin namu a ƙarƙashin gado, ya ji ni da kyau. Kada a fasa kafso a kan ciwo. In an rubuta maka magani ka shanye shi, kada ka rage wa wani. Ciwon da ya kumbura, ya yi zafi, ya ƙi jin abin da ake yi masa, a kai shi a gwada tun ƙashi bai ji labari ba.

Ranar zuwanmu na ƙarshe aka sake ɗaukar hoto. Likita ta ɗaga shi a haske ta daɗe tana kallo. Sannan ta danna tabon da babban yatsa.

"Da zafi?"

"Babu."

"Ƙashi lafiya lau. Fata ta rufe. A daina bandeji."

Baba ya ce alhamdulillahi har sau ban san adadi ba. Muka fito bakin titi ya tare adaidaita sahu. Hajiya Kaka ta shiga, Umma ta shiga, Baba ya zauna. Na ɗaga ƙafa zan hau, sai tsohuwar ta tokare ƙofar da sandarta.

"Kai ba da kai ba. Naɗe wandon."

"Amarya, gida fa da ɗan nisa."

"Na sani. Direba, tafi a hankali, ya bi mu a gefe." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙi kallon kowa. "Ni na kusa raba shi da ƙafar nan. Bari in ga tana tafiya."

Na naɗe wandon har gwiwa na fara takawa a gefen titi. Tana leƙowa, idonta a kan ƙwaurina, leɓenta yana motsi. Da muka shiga kwanar Gyaɗi-Gyaɗi na ji ƙafar tana roƙona, sai na zuba da gudu na wuce su. Ina jin muryarta a bayana tana cika layin.

"Maigida! Tafiya na ce, ɗan nema! Direba, bi shi!"